Karen da Akuya Ta Shayar

Duk wanda ya taɓa kiwon awaki a yammacin Letlhakeng ta ƙasar Botswana, can inda mota ke nutsewa a rairayi har a gaji da turi, ya san Letsholo. In ma bai san shi ido da ido ba, to ya san karnukansa. Gajeren mutum ne busasshe, mai wani tari da ya kwaso daga ramin zinariya na Afirka ta Kudu tun yana saurayi. Da tarin nan ya dawo gida, da wata doguwar kwat mai nauyi, da ɗan abin da ya ishe shi sayen awaki. Ya tare a moraka, rugar da mahaifinsa ya bari, bai ƙara marmarin ko'ina ba. Magana ba ta dame shi ba. Matarsa Ntebogang, Allah ya ji ƙanta, takan ce da awaki sun iya tuƙa tuwo da Letsholo bai yi aure ba, shi kuwa bai taɓa musa mata ba.

Sana'arsa yin karen awaki. Yi na ce, domin irin wannan kare ba haifarsa ake yi ba, yin sa ake yi. Karya za ta haihu, tun 'ya'yan ba su buɗe ido ba Letsholo zai zo ya durƙusa, ya jujjuya su, ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, ya jefa a aljihun kwat ya yi gaba. A garke akwai akuyar da ta haihu kwanan nan. Zai matse ta tsakanin gwiwoyinsa, tana tirjiya tana harbi, ya manna mata ɗan kwikwiyon a hantsa. Safe da yamma haka, har ta gaji ta sallama, ta riƙa tsaya masa da kanta. Ranar da kwikwiyon zai buɗe ido, ƙafafun awaki zai fara gani, warinsu ne a hancinsa. Shi ke nan an gama da shi, har ya mutu ba zai san shi kare ba ne.

Amma akwai dokoki, kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Ba a sa masa suna. Ba a shafa shi. Ba a ba shi abinci a ƙofar ɗaki. Tuwon dawarsa da ɗan nono mai tsami a cikin garke ake ajiye masa, a juya baya a tafi. Yaron da aka kama yana wasa da shi kuwa ya shiga uku. Sebaga, babbar 'yar Letsholo, har ta fara furfura tana ba da labarin tsumagiyar da ta sha don kawai ta goya wani kwikwiyo da ɗankwalinta. In aka bi ƙa'ida, abin da ake samu a ƙarshe shi ne kare mai fita da garke da hantsi ba makiyayi, ya wuni da su a daji, ya dawo da su cif da yamma, dila na hange daga nesa yana haɗiyar yawu. Daga rugage masu nisa ake kawo masa 'yan kwikwiyo, in aiki ya kammala a bar masa 'yar akuya ladan wahala.

Mu da muka tashi a wurin ba mu taɓa ganin aibin abin ba. Karyar takan yi kwanaki tana kewaya ruga tana shinshine-shinshine, nono ya cika ya yi mata tsami, tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Wa ya kula? Karya ce, za ta sake haihuwa. Kowa garkensa yake dubawa.

Na ƙarshe da ya yi wani ja ne mai farin ƙirji, bayan rasuwar Ntebogang. Lokacin 'ya'ya sun watse. Sebaga tana Gaborone tana aiki a wani kanti, ƙanenta Moeti yana tuƙa babbar mota, daga tsoho sai awaki sai karen. Letsholo mutum ne da yabo ke yi wa wuyar fita, amma ko shi yakan ce bai taɓa yin kamar wannan ba. Kunnensa ɗaya a yage yake, rabon kura ne, kuma kurar ba ta tafi da ko ɗan akuya ba. Shekaru suka yi tare, amma in sun yi kiciɓis a bakin garke kowa sai ya ratse wa ɗan'uwansa kamar surukai.

Sai fari ya zo. Damina ta yi ta alkawari tana saɓawa, ciyawa ta ƙare, awaki suka koma gwaguyar ɓawon itace, daga baya suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka Letsholo ya zame a kan simintin burtsatse, ƙugu ya karye. Yana nan kwance rana na gasa shi har wani maƙwabcin ruga ya zo shayar da jakunansa ya tsince shi. Tun yana gadon asibiti 'ya'yansa suka ce ba zai koma daji ba. Kada a ɗora musu laifin da ba nasu ba: shi da bakinsa ya ce a sayar da awakin, tunda ko an bar su mushe za su zama. Roƙo ɗaya ya yi, a kai shi ya ga tafiyarsu.

Mahauci ne ya saya, to me mahauci zai yi da kare? Letsholo na zaune a kujera a gindin bagaruwa, sanda tsakanin ƙafafu, aka yi ta loda su a mota. Karen ya kewaya ya kewaya, ya yi tsalle zai shiga, masu lodi suka yi ƙwallo da shi. Da motar ta tashi sai ya bi ta. Moeti ya ce a ƙyale shi, in ya gaji zai dawo. Bai dawo ba. Suka kulle ɗaki, suka ɗau hanya a akori-kurar da Moeti ya aro, sai da suka yi tafiya mai nisa suka tarar da shi kwance a kan sawun taya, tafin ƙafafunsa duk sun saɓule, harshe a waje. Moeti ya karkata sitiyari zai kewaye shi, tsoho ya ce a tsaya. Moeti ya ce birni ba wurin irin wannan kare ba ne, gidan ma ba nasu ba, na Sebaga ne. Tsoho ya ce to a ba wani mai garke. Moeti ya tambaye shi wa ya rage da garke a yankin. Letsholo ya buɗe ƙofa, ya fara laluben ƙasa da sandarsa, ya ce in za a bar karen a nan to a bar su tare. Moeti ya fita yana ƙunƙuni, ya sungumi karen ya wurga a baya. Daga ranar nan abin da ke shiga tsakanin uba da ɗa bai wuce gaisuwa ba.

Gidan Sebaga tsaf yake, katanga ta kewaye shi, tsakar gida an malale ta da siminti. Aka ba tsoho ɗakin baya, aka ɗaure kare a jikin ƙarfen shanya. Muddin ƙafafunsa na ciwo shiru yake. Suna warkewa tashin hankali ya fara. Da hantsi, daidai lokacin buɗe garke, sai ya miƙe ya fuskanci ƙofar gida, jiki na ɓari, miyau na dalala, ya ɗaga kai sama ya saki kuka. Ba haushi ba, kuka, dogo, mai shiga ƙashi. Da yamma lokacin dawowar awaki ya sake. Tsakani kuwa kai da kawowa yake yi iya tsawon igiya har ka ji jiri don kallonsa. Ya tsinke igiya da haƙori, ya karce ƙofar ƙarfe har farcensa ya fashe. Aka sa masa sarƙa, ya karya haƙori a kanta. Abinci sai dai ƙuda su ci. Inda yake kwance nan yake fitsari, shi da ko a garke bai taɓa ɓata wurin kwanansa ba. Ya kama lasar hannunsa na dama har gashi ya tafi, nama ya fito ja.

Letsholo yakan ja kujera da ƙyar ya zauna kusa da shi. Mutumin da bai taɓa yi wa kare magana ba sai ga shi yana 'yan gunaguni, yana cewa ya isa, ya isa haka. Karen kan dube shi yadda zai dubi ƙarfen shanyar, ya mai da kai ga ƙofa. Wannan kallo ya fi kukan ci wa tsoho rai.

Ba a daɗe ba maƙwabciya, Mma Kitso, ta leƙo ta kan katanga. Mace ce mai kirki, sai dai mijinta ya daɗe kwance, kuma kowa ya san abin da ake faɗa a kan kukan kare.

"Mma Tsaone, ni ba na son rigima da ke," in ji ta, tana kiran Sebaga da sunan 'yarta yadda aka saba. "Amma kare ya wuni yana fuskantar ɗakin mara lafiya yana kiran abin da yake kira, me kike so in ɗauka?"

Sebaga ta ce ƙofa yake fuskanta ba ɗakin kowa ba, kuma mai zuwa coci bai kamata ya riƙe irin wannan zance ba. A baki ke nan. A zuci ita ma tsigar jikinta tashi take yi. Ta wuni tsaye a kanti, ta dawo ƙafa a kumbure, ta tarar da ƙorafi na jiranta a bakin ƙofa, yau daga dama gobe daga hagu. Ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba. Ta dai durƙusa wata rana tana zuba masa shayi, ta ce bikin Tsaone na matsowa, kuma in biki ya wuce karen ba zai ci gaba da zama a gidan ba, ko an samu mai karɓa ko ba a samu ba. Letsholo ya san abin da ake yi wa karen da ba a samu mai karɓarsa ba.

Tsaone ita ce 'yar Sebaga tilo, kuma ita kaɗai ce a gidan ke iya sa tsoho dariya. In kare ya fara sai ta leƙo ta taga ta ce, "Kaka, bunsurunka ya hau wa'azi, a kawo faranti a tara masa baiko kamar a coci?" Shi kuma ya ce ta ji da angonta mai hannu kamar na jariri, wanda ko akuya aka ba shi ya tatsa sai ya nemi inda ake kunna ta. Ita ce ta matsa sai an je wurin likitan dabbobi, ta samo mota, aka ɗaure wa karen baki da tsumma aka tafi.

Likitar yarinya ce, ba ta girmi Tsaone da yawa ba. Ta duba gyambon, ta duba haƙoran, sannan ta zauna ta shiga tambaya. Da ta tambayi yana da wata nawa aka raba shi da uwarsa, Letsholo ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce wane wata, ai ido ma bai buɗe ba. Ya kwashe yadda ake yi ya faɗa mata, da akuyar, da dokokin, har yana nunawa da hannu. Ta saurara har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Baba," ta ce, "karen da aka ɗauke daga uwarsa tun bai san kansa ba, abin da ya fara kamawa shi ne duniyarsa gaba ɗaya. Ku kuma kun tabbatar bai kama komai ba sai awaki. Ba taurin kai yake yi ba, tsoro ne. A wurinsa kullum yau aka kwashe su."

Ta ƙara da cewa sauyin wuri da ɗauri da tsawa duk ƙara wa abin wuta suke yi. Ta ba da ƙwayoyi, amma ba ta ɓoye ba, ta ce kwantar da jiki kawai za su yi, maganinsa na gaskiya garke ne.

A hanyar gida Letsholo ya faɗa tunani. Karnukan da ya yi a rayuwarsa yake tunawa, ja da baƙi da mai dabbare-dabbare. Awakin da ya yi karnukan dominsu, wasu an sayar, wasu sun tafi a biyan dukiyar aure, wasu an cinye a zaman makoki. Bai taɓa tambayar kowa ba, ko sau ɗaya, yaya karen ya ƙare. Ya tuna karyoyin nan masu kewaya ruga da cikakken nono. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a faɗa wa jika, ya juya fuska wajen taga kamar mai kallon gari.

Ƙwayoyin suka sa karen tangaɗi da gyangyaɗi. Kukan ya rage ƙarfi amma bai fasa lokacinsa ba. Sai Tsaone ta zo da labari mai daɗi. Kawun angonta yana da awaki a gonarsa wajen Kumakwane, diloli sun addabe shi, kuma da ta ambaci sunan kakanta sai ya ce ai ya san sunan tun yana yaro. Ya ce ranar da za su kawo dukiyar aure zai duba karen, in ya yi masa, a motarsa zai tafi da shi. Letsholo ya farfaɗo kamar an yi masa ruwa. Ya shiga wanke gyambon da ruwan gishiri, yana dama tuwo da nono da kansa, yana tura kwanon da sanda. Abin da ya rage kawai karen ya kai ranar da ransa, kuma da ɗan nama a jikinsa.

Moeti shi ne kawun amarya, akuyar tarbar baƙi a wuyansa take. Da yake yana da tafiya a tsakani, sai ya kawo ta da sauran kwanaki, wata tsohuwa mai ƙaho ɗaya a karye, ya ɗaure ta a gindin lemun bayan kicin ya wuce. Yamma ce, karen yana tsakiyar kukansa. Akuyar ta yi kuka sau ɗaya, nasa ya yanke kamar an rufe famfo. Ya tsaya ƙyam, kunnen nan guda a miƙe, jela na rawa. Letsholo ya dogara sanda ya je ya kwance sarƙar. Karen bai ruga ba, da ciki ya ja jiki har gabanta. Ta sunkuyar da kai ta tunkuye shi, ya karɓa. Ta ƙara, ya karɓa. Da ta gaji ta koma cin ganyen lemu, ya kwanta a gefenta ya ajiye numfashi. Aka kai kwanonsa wurin, ya lashe shi tas, ya yi barci har da minshari.

Gida ya yi daɗi. Mma Kitso ta aiko da fanke mai zafi, ta ce tun da karen ya yi shiru mijinta ya sha koko ya nemi ƙari, wai yanzu wa ya yi gaskiya? Sebaga ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Kada wani ya ce Letsholo bai san abin da ke tafe ba. In duk garin akwai wanda ya sani, to shi ne. Akuyar ta yanka ce, kuma ya san abin da karensa ke yi wa duk wanda ya sa akuya kuka. Kullum yakan ce yau zai raba su, sai ya je ya tarar karen ya ɗora haɓa a bayanta, haƙarƙarinsa sun fara ɓuya, gyambon ya fara bushewa, sai ya ce gobe. Yana so kawun ango ya ga kare mai kyan gani, ba ƙwarangwal mai kuka ba. Abin da ya kamata ya yi bai fi ya kira Moeti ya ce masa kada ya taɓa akuyar sai an kulle karen ba. Magana ce ta numfashi ɗaya. Amma uba ne da ke fushi da ɗansa, kuma ba ya so a ce karen ne ya sa ya fara neman shiri. Ya ce a ransa ai yana gida, da safe zai kulle shi da kansa.

Da safen kuwa Sebaga ta tasa shi gaba, sai an yi masa aski, sai ya yi wanka, sai ya sa kwat da wando na mutunci, don shi ne babba a gidan amarya. Mai karyayyen ƙugu kuwa sa wando ma aiki ne. Moeti ya iso da abokansa biyu da wuƙa da roba, yana sauri, don dakakken nama ba ya son gaggawa kuma baƙi sun ce sun kusa tasowa. Letsholo na zaune a bakin gado, ƙafa ɗaya cikin wando, ya ji akuyar ta ƙwala kuka irin na wadda aka kama wa ƙafa. Ya saurari haushi, bai ji ba. Karen nan in da gaske yake ba ya haushi.

Kafin ya fito an gama. Moeti na durƙushe ya riƙe hannun dama, jini na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a siminti. Abokan sun rarumo itacen girki sun karya wa karen hannu ɗaya, amma yana tsaye a kan uku, akuyar na bayansa, leɓe a yage, ba mai iya matsawa. Letsholo ya ce a miƙo bargo. Ya lallaɓa ya jefa masa a ka, mazan suka danne, aka tura shi ɗakin ajiya aka ja sakata.

Ana naɗe wa Moeti hannu da zane za a kai shi asibiti, yatsu biyu sun ƙi motsi. Ya dubi mahaifinsa, bai ɗaga murya ba.

"Ka ga abin da ka zaɓa a kan hanya ran nan, Baba. Da hannun nan nake ciyar da 'ya'yana."

Aka fita da shi zuwa mota. Baƙi kuwa ba za a tare su da tukunya wayam ba, don haka abokan suka kayar da akuyar a wurin, taku kaɗan daga ƙofar ɗakin ajiya. Karen ya ji komai. Abin da ya fito daga ɗakin nan ba zan iya kwatanta shi ba, matan da ke girki dai sun bar wuta sun koma ƙofar gida. Amarya tana ɗakin ciki mata sun kewaye ta da waƙa, aka ce mata kawunta ne ya yanke da wuƙa, kare kuma halinsa ne ya motsa.

Sebaga ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta, idonta jawur.

"Baba, na yi haƙuri iya haƙurina. Kada baƙin nan su zauna yana cikin gidan nan."

Ya ce ta yi gaskiya. Abokan Moeti suka ce a bar musu, ya ce a'a, shi ya yi shi. Sai dai karen ba ya bin mutum, ba ya amsa kira, igiya kuwa yanzu ba mai iya sa masa. Letsholo ya tsaya yana kallon masu fiɗa har suka gama, ya ce su ba shi fatar. Ya ɗauki wuƙar daga bakin roba ya sa a aljihun kwat ɗin biki. Ya zare sakata, ya ja ɗanyar fatar a ƙasa ta gaban ƙofa. Kukan ya tsaya. Karen ya fito yana ɗingishi, ya sa hanci a fatar, tsoho ya yi gaba, ya biyo.

Haka suka fita titi, gurgu na jan fata, gurgu na bin sa. A kwanar layi suka yi karo da dangin ango sun sauka daga motoci sun jeru, maza a gaba cikin kwat, mata a baya da shuɗɗan mayafai a kafaɗa, suna tafe a hankali yadda aka saba. Wani dattijo mai faɗin ƙirji ya fito daga layin ya cire hula. Shi ne kawun angon, mai awakin. Tun kafin su iso labari ya tare su, don sun yi kiciɓis da motar da ta ɗauki Moeti. Ya gai da Letsholo da girmamawa, yana ce masa Rra, wato maigida, ya daɗe yana duban karen, da kunnen, da ƙirjin, da yadda ko kallon taron mutanen bai yi ba.

"Rra, aiki ya yi kyau, ban taɓa ganin irinsa ba," ya ce. "Amma jikokina ne ke kai awaki ruwa. In ɗaya ya ja ɗan akuya da wasa fa?"

Letsholo bai roƙe shi ba. Ya ce haka ne, su ƙarasa, ana jiransu, shi ma yanzu zai dawo.

Bayan layin dogo akwai wani busasshen kwari inda gidaje suka ƙare. Kafin su kai rana ta take, ƙugun na yi masa zugi, tarin ya taso, ya tsaya ya huta ya fi a ƙirga, duk inda ya tsaya karen ya tsaya. A inuwar wata ƙaya ya shimfiɗa fatar, gashi a sama. Karen ya hau, ya kewaya, ya kwanta. Ya shiga lasarta yana tura ta da hanci, yadda yake yi wa ɗan akuya sabon haihuwa don ya miƙe. Letsholo ya daɗe tsaye, shi kansa bai san me yake jira ba. Tausayi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, ga shi ba wanda zai ɗora wa laifi. Durƙusawar ma sai da ta ɗauke shi lokaci. Awakin da ya yanka a rayuwarsa ba su ƙirguwa, hannunsa ya san wurin ko ido a rufe, ya sa wuƙar. Karen ko waiwaye bai yi ba.

Ya naɗe shi a fatar, ya tura ƙarƙashin gaɓar kwarin, ya yi ta zungurar rairayi da sanda har ya rufta a kansa. Ya goge wuƙar da ƙasa, ya goge hannu. Tashi ya gagare shi, sai da ya rarrafa ya kama reshe.

Ya dawo ya tarar gida ya cika. An karɓi dukiyar aure, wani ɗan'uwa ya tsaya a madadin Moeti, mata na rangaɗa guɗa, ana waƙa ana tafi. Sebaga ta hango shi, ta dubi gwiwar wandonsa da ta yi buɗu-buɗu, ta kau da kai. Aka ba shi kujera cikin dattawa. Da aka fito da amarya aka gama yi mata nasiha, aka fara rabon abinci, ita da kanta ta ɗauko farantinsa, tuwon dawa da dakakken nama an tula masa, ta durƙusa a gabansa cikin sabon mayafinta. Ta ɗan leƙa wajen gindin lemu, ta rage murya.

"Kaka, ina bunsurunka? Kawun angona ya ce bai ɗauka ba."

"Na samu wani mai awaki a bayan layin dogo," in ji Letsholo. "Ya karɓa."

"Da gaske? Garken da yawa?"

"Da yawa."

Fuskarta ta washe. Ta ce ai ta san ba za a rasa ba, yau kam komai ya yi mata daidai. Ta tura masa farantin, ta ce tun safe bai sa komai a bakinsa ba, kuma ba za ta tashi ba sai ta ga ya ci, in ya so angon ya yi ta jira. Letsholo ya wanke hannu a robar da aka miƙo. Ya gutsuri tuwo, ya haɗa da naman, ya kai baki. Tana durƙushe tana masa tsiya a kan ƙurar da ya kwaso a kwat ɗin biki, ba ta tashi ba sai da ya cinye.